Na Kalle Shi Ba Sauti

Jimeta, watan Maris.

Zuwa ga aminina Fredrick,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Liyatu da jikoki. Yaya zafin Numan? Mu nan ruwan randa ma sai ka ce na shayi. Yaya ƙafa, yaya kunne? Kunnen ne ya mai da ni takarda, don ranar nan na yi ta ɗaga murya a waya har Raliya ta leƙo daga ɗaki, ta zaci mijinta faɗa yake da wani.

Kai shaida ne a kaina. Na gama sakandare da sakamakon da ba a nuna wa baƙo. Ba wanda ya ɗauke ni aiki, ba wanda ya ba ni jari. Da talabijin ɗaya da 'yan bencina na buɗe gidan kallo a bayan kasuwa, na mai da rumfar zana ginin bulo. Na gina gida, na sauke farali, na aurar da ƙannena. Gidan rediyo da ƙafarsu suka zo nemana in riƙa sharhin finafinai ranar Asabar, ni da ban taɓa zama ajin jami'a ba. Duk wannan ba hannun kowa. Na san za ka ce janareto fa, wa ke gyarawa? To, kai ne, kuma sau da yawa kai kake ƙarasa shi.

Abin da ya kawo wannan magana, 'yarka Hadassah ta zo jiya. Ta durƙusa, Bappa kaza Bappa kaza, sannan ta ajiye mini fim ɗin da ta gama. Labarin wani saurayi ne da ya bi malami mai kafirta jama'a har ya shige daji. Tana son nunawa a wani ɗakin taro nan Jimeta, amma mai ɗakin ya tsorata. Wasu sun je sun ce masa 'yar Kirista ta yi fim don zagin addini, alhali ko hoton farko ba su gani ba. Ya ce ba zai ba da mabuɗi ba sai Alhaji Badamasi ya kalla ya faɗi ra'ayinsa a rediyo. Ka ga inda Allah ya kai mai benci.

Na gaya mata in ba shi da kyau zan faɗa, ba ruwana da cewa a kan cinyata ta koyi ɓare gyaɗa. Irin waɗannan finafinai sun ishe ni. Tunda rikicin 'yan dajin nan ya lafa duk mai kyamara ya yi nasa, kuma duk ɗaya ne: yaro mai yagaggiyar riga, ido jajur, yunwa ta kora shi daji. Malamin kuma sai ka ce dodo, yana dariya shi kaɗai. Wa zai bi irin wannan mutum ko zuwa bakin titi?

Zan yi yadda na saba. Kallon farko ina kashe sauti, kamar yadda muka koyi kallon na Indiya muna yara ba ma jin ko kalma ɗaya. In ɗan wasa ƙarya yake, a tafiyarsa da hannunsa nake kama shi.

Ka gaida Liyatu, ka ce ina nan ina jiran busasshen kifin da ta yi alkawari.

Naka har kullum,
Badamasi Ɗanburam.

Jimeta, Laraba.

Fredrick,

Gaisuwa da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutan gida. Mu ma lafiya, sai dai ni abinci ba ya shiga.

Na kalla. Bayan azahar na rufe ƙofar ofis, na kashe sauti. Hadassah ta canza komai: garin wani ƙauye ne wajen Girei, sunan yaron Umair, ubansa mai shagon yadi. Amma yaron ya shigo wajen karatu, ya sa tafin hannu ya share wuri kafin ya zauna, sannan ya goge hannun a gefen wando. Na mayar baya. Na sake mayarwa. Fredrick, Hayatu ne. Ɗana ne, wanda ya tashi yana share benci kafin masu kallo su shigo har abin ya zame masa jiki. Ɗan wasan bai taɓa ganinsa ba. Hadassah ce ta koya masa, ita da ta girma tana binsa a baya tana Hamma Hayatu, wato yayanta.

Ka sani? Ka san abin da ta ɗauko ta sa mini a hannu, ka yi shiru?

Gaskiyar maganar Hayatu, kai ka sani, da ni, da Hadassah. Sauran Jimeta abin da Raliya ke faɗa suka sani: ya tafi Garwa, can ƙetaren iyaka, kasuwanci, ya yi aure can. Tun kafin 'yan daji su kama Mubi take faɗin haka, har yau ba ta gaji ba. Wasu sun yarda, wasu sun ƙyale mu don kara.

Abin da ya fi mini ciwo, fim ɗin ya yi kyau. Yaronta ba mayunwaci ba ne. Rigarsa a goge, da agogo a hannu. Ya faɗi jarrabawa, abokansa sun wuce jami'a, shi yana shago yana awon yadi. Malamin kuma mai tsabta ne, mai fara'a. Akwai inda ya hango yaron can baya, ya yafito shi, ya zaunar da shi a gefensa, ya miƙa masa lasifika. Ba sauti, amma na ga yadda kafaɗarsa ta miƙe. Da irin wannan kafaɗa Hayatu ya shigo gida wata rana yana gaya mini an sa samari a ƙarƙashinsa, suna tashi in ya iso. Na sa masa albarka, don karatu na ɗauka. Daga baya ya ce gidan kallo haram ne, tuwon da aka yi da abin da na samu a ciki haram ne, ya daina cin abincin uwarsa. Na kai shi wajen wani Modibbo, babban malami a cikin Yola, na lallashe shi, na yi faɗa. Wata Juma'a ya fita, shi ke nan. Ko gawa ba mu gani ba.

Bai rasa komai a gidana ba. So yake a san da shi, a kira sunansa a cikin taro. Wannan kuwa na san inda ya samo, don ni ma da shi na gina duk abin da na gina. Ni ya kai ni rediyo, shi ya kai shi daji, kuma har yau na kasa gano inda hanyar ta rabu.

Yanzu ga inda nake. In na yaba, za a nuna, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencina zai gane sharar hannun nan. Raliya za ta ji a gidan suna. In na ce bai yi ba, mai ɗaki ya riƙe mabuɗinsa, masu cewa zagin addini ne su ci nasara, aikin yarinya ya mutu a jaka. Magana kaɗan ta isa, ba kuma mai tuhumata. Hadassah tana ta kira ba na ɗauka. Ga Asabar ta matso.

Ka yi mini addu'a irin taku.

Badamasi.

Jimeta, watan Afrilu.

Aminina Fredrick,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta Liyatu, takardarka ta iso hannun direba tare da kifin. Useko, in ji mutanen Yola, wato na gode. Na ji ka ce ba ka sani ba sai da aka gama, kuma ka yi wa Hadassah faɗa. Na yarda. Ka bar faɗan haka.

Na nuna wa Raliya kafin Asabar, don ban iya barin ta ji a bakin mutane ba. Da hantsi na kunna mata a falo. Da aka zo wurin sharar hannun ta ce in tsayar. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce yaron ya yi ƙoƙari, amma Hayatu da hagu yake sharewa. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tashi ta shiga ɗaki. Tun ranar ba ta sake ambaton Garwa ba, ba ta kuma ce na kyauta ba. Muna gaisawa, tana kawo abinci. Na janye mata abin da take jingina da shi, Fredrick, kuma ba ni da wani da zan sa mata a wurin.

A rediyo aibin fim ɗin na fara faɗa, kada a ce na yi son kai. Waƙar tsakiya ta yi tsawo. 'Yan wasa suna ta Hausar Kano, alhali wajen Girei ba mai magana haka, kuma tsohuwa in ranta ya ɓaci da Fulatanci take faɗa. Sojan ƙarshe takalmin makaranta ne a ƙafarsa. Sannan na ce a duk waɗanda na gani, wannan ne ya nuna yadda ake ɗauke yaro da girmamawa, ba da yunwa ba. Na ce babu zagin addini a ciki, limamin unguwa ma shi ya fi kowa wahala wajen janyo yaron. Na ce duk mai ɗa namiji ya je ya gani. Wani ya bugo waya yana tambaya ina na san haka ake yi. Na ce na sani. Sai mai gabatarwa ya sa talla.

Mai ɗaki ya ba da mabuɗi. An nuna da yamma, wuri ya cika, ni na zauna can baya. Da aka zo wurin, Bawa mai shayi, wanda ya tsufa a kan bencina, ya waiwayo ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Da aka tashi mutane suka riƙa zuwa suna ba ni hannu kamar a gidan rasuwa. Ta'aziyyar da ba a taɓa yi mana ba ke nan. A ɗakin kallo ta zo, uwar Hayatu kuma ba ta wurin.

Ga abin da ya sa na rubuto. A ƙarshen fim, inda sunaye ke hawa, Hadassah ta rubuta godiya ga wani dattijo a Jimeta da iyalinsa. Na san rufa mini asiri take yi. Amma ni ba wani dattijo ba ne, Hayatu ma ba Umair ba ne. Ban wanke shi ba. Ban san abin da hannunsa ya aikata a daji ba, kuma ni na shimfiɗa tabarma a gidan kallo ga waɗanda suka gudo daga Mubi ba ko takalmi, kai kana kawo musu ruwa. Wannan hisabi yana wajen Allah. Amma yaron nawa ne, kuma ba shi da kabarin da zan nuna in ce ga shi. Na tambayi Raliya, ta ce in yi yadda na ga dama, ban da nata sunan.

In ni na faɗa wa Hadassah za ta fara Bappa ka yi haƙuri, Bappa ka sake tunani. Kai ne ubanta. Ka gaya mata kafin ta kai fim ɗin wani gari ta goge wancan layi, ta rubuta: Alhaji Badamasi Ɗanburam, Jimeta, mahaifin Hayatu. Da manyan baƙaƙe nake so, kuma a bar shi ya tsaya har mai karatu a hankali ya gama karantawa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar zumunci. A gaida kowa da kowa.

Ni ne naka,
Badamasi Ɗanburam.