Waƙar da Suka Ce Ba Ta da Mai Ita

Vaulx-en-Velin, farkon watan Yuli, 2013

Zuwa ga Gwaggo Hawwa, a Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarki. Yaya ƙafar taki? Kawu Ilya ya ce mani a tarho kin soma takawa har bakin titi ba sanda, na ji daɗi ƙwarai. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ya ce kuma ruwa ya sauka an yi shuka, Allah ya ba da damina mai albarka. Mu nan lafiya lau. Maigidana Abdul'aziz yana fama da aikinsa na laboratuwar, 'yarmu Ameena ta ci jarrabawa ta samu wakansi, wato hutun makaranta, ta yi tsawo har ta kusa kafaɗata. Azumi ya ƙarato, kuma a nan rana ba ta son faɗuwa a wannan lokaci, sai ki sa mu a addu'a.

Gwaggo, na zaɓi in rubuto maki ne don in na buɗe baki a tarho kuka zai riga magana fita. Zancen ƙanena Moutari ne. Ba ciwo ba ne, ba kuma 'yan sanda ba, ki kwantar da hankalinki ta wannan gefen. Amma ya yi abin da har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina.

Kin san tun da ya ajiye karatu a jami'ar Saint-Denis yake bin makaɗa a Paris, yana ɗaukar masu kaya yana haɗa masu wayoyi. Bara ya gamu da wasu 'yan Islande, wani tsibiri can ƙuryar arewa inda sanyi ya yi gida. Shugabarsu mace ce, sunanta Sólrún, tana kaɗa goge irin na Turawa. Suka ɗauke shi aiki yana tuƙa masu mota gari gari. Da Ingilishi suke magana da shi, amma tsakaninsu sai yarensu, shi kuwa ya ɗaura aniyar sai ya iya, don sun ce za su tafi da shi ƙasarsu in sun fitar da faifansu.

Da ya zo mana Lyon cikin watan Mayu, ya hana mu sakat. Ana cin abinci zai faɗi kalma da Ingilishi, sannan ya murɗe baki ya faɗe ta da yaren Islande. Ya ce abin da mawaƙi ke riƙewa a bakinsa, wanda Ingilishi ke cewa microphone kuma duniya duka ta ara, su hljóðnemi suke cewa, wato mai kama sauti. Ƙungiyar makaɗa da Ingilishi band ce, su hljómsveit, rundunar amo. Taron kallon kiɗa, concert, su tónleikar, wasannin sauti. Ameena ta yi ta gwadawa tana dariya har ta ƙware. Ni kam abin ya burge ni, ba zan ɓoye maki ba. Mutane 'yan kaɗan a tsakiyar teku, amma in baƙon abu ya shigo masu sai su zauna su raɗa mashi suna da harshen kakanninsu. Sai Abdul'aziz ya tambaye shi, tunda ya zama malamin kalmomi, mene ne bambancin kalangu da kotso. Moutari ya ɗaga kafaɗa ya amsa da Faransanci cewa waɗannan kayan ƙauye ne, ba inda za su kai mutum. Na ji haushi, amma na haɗiye, na ce ƙuruciya ce.

Kafin ya koma Paris ya ce mu zo mu gan su a bikin kiɗa da ake yi a nan duk shekara cikin watan Yuni, wai akwai wani abin mamaki da ya tanadar mani. Ba wurin zuwana ba ne, amma ɗan'uwa ne, kuma a fili za a yi da rana, wajen la'asar. Muka bar Ameena wurin maƙwabciya, muka hau metro muka tafi. Fili ne a bakin kogi, cike da samari da 'yan mata, kowa da kofin giya a hannu. Muka raɓe can gefe. Sun yi waƙoƙinsu masu sanyi, ban ji komai ba, ban kuma ƙi ba. Can sai Sólrún ta matso ta yi bayani da Ingilishi, Abdul'aziz yana fassara mani a kunne. Ta ce abin da za mu ji yanzu folk song ne daga bakin Sahara, a yarensu þjóðlag, ma'ana waƙar al'umma, tsohuwar waƙa ta kowa da kowa wadda ba a san wanda ya yi ta ba. Wannan kalma ce kaɗai Moutari bai koya mana ba a kan tebur.

Gwaggo, sai na ji muryar Kaka.

Mahaifiyarki ce, ba wata ba, ta fito daga manyan lasifikoki kamar ta taso daga kabari. Waƙar nan ce da ta yi ita kaɗai a ɗakinta bayan sadakar arba'in ta Baba, wadda Kawu Ilya ya ɗauka a kaset. Kin fi ni sanin cewa Baba ɗan farinta ne, har ya hau kamyon da ya kife da shi a hanyar Agadez ba ta taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. A cikin waƙar nan kaɗai ta kira shi. To wannan wurin suka yanko, inda muryarta ke rawa tana cewa Saley, suka sa na'ura tana maimaita shi ba iyaka, suka ɗora ganga a kai. Jama'a suka ɗauka. Suna tsalle suna ɗaga kofuna suna ihun sunan ubana, giya tana zuba a ƙasa. Wani saurayi kusa da ni yana rawa yana dariya yana tambayar abokinsa ko waƙar gishiri ce, don da Faransanci sunan ya yi kama da abin da gishiri ya yi wa yawa. Na ja da baya. Na dafa wani icce na yi amai a gaban mutane, ni da 'yata ta kusa zama budurwa. Da na ɗago sai na hango Moutari a gefen dandali yana neman idona yana murmushi, yana jiran in yaba.

Kaset ɗin nan ni na zo da shi Faransa cikin akwatina. Moutari ya karɓa shekarun baya, ya ce zai juya mana shi a faifai don kada ya lalace. Ashe ga inda ya kai shi.

Da suka sauko na zagaya bayan dandali, Abdul'aziz yana biye da ni yana cewa in yi a hankali. Ban yi a hankali ba. Na sa shi ya fassara, na ce wa matar waƙar nan tana da mai ita, sunanta Amatullahi, kakata ce, kuma sunan da suka sa mashaya suna ihu na ɗanta ne da ya mutu, uban wannan da ke naɗe masu waya. Fuskarta ta yi ja, sannan ta yi fari fat. Ta ce sun tambayi Moutari ba sau ɗaya ba ko an san mai waƙar, ya ce masu a'a, mata ne ke yin ta a bakin turmi tun kaka da kakanni. Na juya gare shi. Ya ce in ya faɗi gaskiya za su ce sai dangi sun yarda, kuma ya san amsar da za mu bayar. Ya ce mu ba mu gane fasaha ba, shi ya sa muryar Kaka ta zagaya duniya maimakon ta ruɓe a akwati. Da ya ga ban motsa ba sai muryarsa ta karye, ya ce shi ko fuskar Baba ba ya tunawa, wannan kaset ne kaɗai gadonsa, me ya sa ba zai yi abin da ya ga dama da shi ba. Wannan ta taɓa ni, Gwaggo, don yana goye aka yi rasuwar. Amma na ce mashi wanda ke kewar ubansa ba ya cewa uban ba kowa ba ne don a ba shi kujera a mota. Ya koyi sunan kowace waya da yaren mutanen da bai taɓa taka ƙasarsu ba, amma ya kasa faɗin sunan kakarsa.

Ranar Lahadi Sólrún ta zo gidanmu ita kaɗai. Ta hau metro ta hau bis har Vaulx-en-Velin, ta cire takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce mata, ta miƙo mani da hannu biyu kaset ɗin da ta karɓo wurin Moutari. Na so in tsane ta, na kasa. Abdul'aziz yana fassarawa, ta ce a yarensu abin da Kaka ta yi ba þjóðlag ba ne, harmljóð ne, waƙar makoki, kuma mai yin irinta tónskáld ce, mawaƙiyar da ta ƙago sautinta da kanta. Ta ce ita ma kakarta ta rasa ɗa a teku, kuma da wani ya yi mata haka da ba ta yafe ba. Sun daina kaɗa waƙar, sun tsayar da faifan da za su fitar bayan damina, suna jiran maganar dangi: ko a cire muryar gaba ɗaya, ko a bar ta cikakkiya ba ganga, da sunan Kaka a rubuce. Ta ce kuma sun sallami Moutari. Ban roƙi haka ba, ban kuma hana ba. Ya koma Saint-Denis, ba ya ɗaukar kirana.

Bayan ta tafi na ari tsohon rediyon maƙwabciya na sa kaset ɗin. Ban taɓa iya sauraronsa har ƙarshe ba, kullum a tsakiya nake kashewa. Wannan karon na daure. Waƙar ta ƙare, aka yi shiru, na ji Kaka ta share hanci. Sai na ji ta tambayi Kawu Ilya ko abin nan nasa yana juyawa ne. Ya yi wata 'yar dariyar kunya. Ta ce mashi ya kashe, ya kashe yanzu, wannan tsakaninta ne da ɗanta da Allah. Daga nan sai ƙarar maɓalli. Turawan ba su taɓa jin wannan wurin ba, don a abin da Moutari ya juya masu babu shi. Shi ya ji, kuma duk da kayan ƙauye da yake cewa, Hausarsa ta isa ya gane wannan.

A ganina mai waƙa ta riga ta ba da amsa, amma ke ce babba, ke za ki yanke, ni in isar. Kaset ɗin zan ba Hajiya Kadidiatou mai kai kaya Yamai, za ta taso kafin azumi, ta ce za ta aiko maki ta hannun ɗanta. Ba ni da ikon ajiye shi kuma, ban ma san ko ya kamata wani ya ajiye ba. Roƙona ɗaya ne, kada ki yi wa Moutari baki. Ki kira shi da kanki, ke ba zai ƙi ɗauka ba. Ki ba shi labarin ubansa tun daga yarinta, don mun bar shi ya girma da kaset maimakon labari.

Ki gaida mani Kawu Ilya, ki ce mashi ba laifinsa nake nema ba. Ki gaida Inna Leïla da Umar Faruk da matarsa, da Youssouf in ya dawo daga Maraɗi, da duk mutanen gida manya da yara. Abdul'aziz yana durƙusawa yana gaishe ki, Ameena ta ce a ce wa Gwaggo tana son ƙuli-ƙuli. Allah ya jiƙan Kaka da Baba, ya haskaka makwancinsu, ya bar mana ke.

'Yarki mai kewarki,
Shamsiya