Kada a Sake Ɗaga Gilashin Matata ga Rana

Zuwa ga Shugaban jami'an shingen binciken da ke kan hanyarmu ta fita Bagudo,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni manomi ne daga Kurgu, kuma ƙorafi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Na ɗaya. Mai ɗakina Hassana ta daɗe tana fama da ciwo a gefen dama. Likita ya soka mata doguwar allura, ya ciro ɗan abu kaɗan daga hantarta, ya shimfiɗa a gilashi, ya ɗiga masa wani rini. Ƙasidar da ya ba ni, wadda na karanta har na haddace, ta bayyana cewa idan aka haska gilashin a wani madubin likita na musamman, rinin kan sa kitsen da ya taru cikin ƙwayoyin hanta ya yi ƙyalli, kamar idon mage cikin duhu. Ta kuma yi gargaɗi cewa hasken rana yana kashe rinin. Babu irin madubin sai a birni, don haka aka sa gilashin a kwali, aka naɗe kwalin da baƙar leda aka damƙa mini in kai.

Na biyu. Wani jami'inku ya tsayar da babur ɗina, ya ga baƙar leda, ya zaci ƙwaya ce. Ban ga laifinsa a nan ba, mun san abin da ake shigowa da shi ta iyaka. Na roƙe shi mu shiga ɗaki a buɗe, na miƙa masa ƙasidar. Bai karɓa ba. Ya yage ledar, ya ɗaga gilashin ga rana tsaka yana leƙe. Abokan aikinsa ma kowa ya ɗaga, sannan aka bar shi a kan benci har aka gama caje buhunan wata mota. Suka ce ba su ga komai ba. A birni ma haka aka ce mini.

Na uku. Hassana ta yi kuka, amma ta yarda a sake soka mata allurar. Likita ya ce ba zai yi ta uku ba.

Ranar Talata zan biyo da sabon kwali. Ban ce kada a bincike ni ba. A caje aljihuna, a kwance babur ɗin in an so. Roƙona ɗaya ne: a buɗe kwalin cikin ɗaki, a rufe taga.

Allah Ya tsare ka, Ya ba iyalinka lafiyar da nake nema wa nawa.

Wassalam.

Mijin Hassana,
Kurgu.