Abin Da Ya Sa Ba Na Kiran Sunan Ɗana

Zuwa ga Malama Dakta,
Shugabar masu binciken da suka zo gidan burodinmu a Aboabo, Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar girmamawa, da fatan kina lafiya, ke da iyalinki da ɗalibanki. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah Ya taimaka.

Ni ce Hajiya Mairo, wadda kika zauna a bencinta kina shan shayi da burodi mai zafi, har kika ce ba ki taɓa cin irinsa a Kumasi ba. Kun zo ne bayan Babbar Sallah, kuka ce kuna nazarin yadda iyali ke tafiyar da sana'ar gado, da yadda ma'aikata ke jin daɗin aikinsu. Na buɗe muku ƙofa, na ce ku shiga ko'ina, ku tambayi kowa. Ko buhun fulawa ɗaya ban ɓoye muku ba. Da kuka gama, kuka tara mu masu gidajen burodi, kika karanta mana abin da kuka gano. A nan ne kika yi mini ɓarna. Tunda a bainar jama'a kika yi ta, a bainar jama'a zan ba ki amsa, shi ya sa na bar wasiƙar nan a buɗe kowa ya karanta.

Na farko. Kin ce kun ɓoye sunayen kowa, kuma gaskiya ne, ba ki ambaci sunana ba. Amma kin ce akwai wata Hajiya a Aboabo da ta gaji tanda daga mijinta, tana da 'ya'ya maza biyu a cikin sana'ar. Dakta, mu nawa ne haka a Aboabo? Kafin ki rufe baki, matan da ke gabana sun fara waiwaye. Kafin in hau motar haya ta trotro in iso gida, labarin ya riga ni.

Na biyu, kuma shi ne babba. Kin ce kun lura ba na kiran sunan babban ɗana, ba na haɗa ido da shi, ba na yaba masa, saƙona ma sai ta bakin Ladi, tsohuwar mai kwaɓinmu. Kin ce ƙanensa Nasiru kuwa ina kwala masa kira, ina tsokanarsa, muna dariya. Sai kuka yanke cewa babban a ware yake, shi ne ya fi kowa ƙunci a gidan, kuma ga alama ƙaramin za a bar wa sana'ar.

Duk abin da idonku ya gani haka yake, ban musa ko ɗaya ba. Fassarar da kuka yi masa ce ta karkace. Yaron nan ɗan farina ne. Kakanninmu da suka zo nan daga Kano fataucin goro sun bar abubuwa da yawa a hanya, amma sun iso da alkunya, kuma ni a cikinta aka raine ni. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta furta sunan yayanmu ba. Ranar da ya dawo daga aikin hajji gida ya cika da guɗa, ita kuwa ta shige ɗaki ta ja labule. Ni na same ta tana kukan murna, riƙe da tsohuwar hularsa. Da kuna wurin, na san abin da za ku rubuta a kanta.

Nasiru auta ne. Shi ake kira, shi ake aika, shi ake ja wa kunne. Wancan kuwa nauyinsa nake ji, shi ya sa duk gidan ake ce masa Babba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kun yi kwana da kwanaki a cikinmu, kun tambaye ni farashin sukari da yawan ma'aikata, amma ba wanda ya ce, Hajiya, don me ba kya kiran sunansa? A cikin ɗalibanki har da 'yar Zango, tana jin Hausa sarai. Ban ga laifinta ba, 'ya'yan yanzu ba su tarar da abin ba. Amma tambaya ai ba ta tsufa.

Na uku, ga abin da ba ku rubuta ba. Akwai dogon katakon da marigayi maigidana ke zaro burodi da shi daga tanda, hannun katakon har ya yi santsi. Ranar da na fita takaba, na ba Ladi na ce ta kai wa Babba. Babba ya karɓa. Tun ranar ba a zuba burodi a tanda sai ya miƙa hannu ya ji zafinta ya ɗaga kai. Kun zo neman jin daɗin ma'aikata, to shi ne ya mayar da gashi zuwa asuba a watan azumi don kada mai ƙishirwa ya tsaya gaban wuta da rana. Shi ne ya sa aka fasa bango aka buɗe tagogi a ɗakin kwaɓi, ina ta mitar kuɗin magina. Da Akosua mai kai mana burodi kasuwa ta haihu, shi ne ya hana a ba wata wurinta har ta dawo. Matasan da suka koyi sana'a a hannunsa suka buɗe nasu, har yau in tandarsu ta ƙi, shi suke nema. Ina alfahari da shi fiye da yadda bakina zai iya faɗa, kuma dama bakina bai saba faɗa ba.

Na huɗu, ga abin da maganarki ta haifar. Ɗana haifaffen Kumasi ne. Ya tashi yana ganin iyayen abokansa Asantawa suna kwala musu kira tun daga bakin titi, suna rungume su a gaban kowa. Ya san al'adarmu, ya kuma yi haƙuri da ita. Amma da ya ji Dakta guda ta tsaya da lasifika tana cewa bincike ya nuna uwarsa ta ware shi, sai abin ya shige shi. Ya daina raha. Nasiru ma, bawan Allah, kunya ta sa yana ɓuya daga yayansa a kan laifin da bai yi ba. Surukin Babba da ke Tafo ya ji labari, ya ce ya zo ya riƙe masa shagon kayan mota, kuma Babba ya yi alkawarin ba shi amsa ƙarshen watan nan. Abin da ya faɗa wa Ladi shi ne: “Maame Ladi, in Hajiya ba ta so na a nan, ta faɗa kawai. Ni ba zan yi rigima da Nasiru a kan paano ba.” Burodi ke nan da bakin Asantawa. Shekaranjiya na tarar da katakon ubansa a jingine a ƙofar ɗakina.

Don haka ina roƙonki abu uku. Ki sake tara mutanen da kika tara, ki gyara maganarki da bakinki. Ki cire wannan fassarar daga rahotonku kafin a buga shi, kada a je ana koyar da ita. Sannan ki koya wa ɗalibanki cewa in sun ga abin da ya ba su mamaki a gidan mutane, su tambayi masu gidan kafin su ba shi suna.

Ban yi laifi ba, kuma ba na neman afuwar kowa a kan tarbiyyar da iyayena suka ba ni. Sai dai ba zan zauna ina kallo ɗana ya bar tandar ubansa saboda kuskuren baƙi ba. Na gwada faɗa masa baki da baki, harshena ya ƙi. Don haka na ɗauki alƙalami da hannuna, tunda na san za a karanta masa wannan kamar yadda aka kai masa waccan maganar taki.

Sunansa Abdurrahman. Ban taɓa furta shi ba, ban taɓa rubuta shi ba sai yau. Shi ne magajin gidan nan, shi ne shugabansa, ba jiya aka yanke hakan ba. Abdurrahman, katakonka yana inda ka ajiye shi. Ka zo ka ɗauka, kwaɓi ya tashi.

Ke kuwa Dakta, Allah Ya ƙara miki ilimi mai amfani, Ya ɗaukaka aikinki, Ya ba ki 'ya'yan da za ki ji nauyinsu. In kin shigo Aboabo, benci da shayi suna nan.

Wassalam.

Hajiya Mairo mai burodi,
Mahaifiyar Abdurrahman,
Aboabo, Kumasi.