Ni Na Goge Muryar Matata, 'Yata Ke Ɗauke Da Laifin

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure na masu gina shafukan intanet. Admin, Allah ya yi maka albarka, ka ɓoye sunana, in da hali ma ka ɓoye shi har ga kanka. Don Allah shawara na zo nema, amma bari in rage muku wahala tun yanzu, in kuna neman wawan labarin nan kada ku yi nisa, ni ne, da furfurata da komai.

Ni ba ɗan sana'arku ba ne. Mahauci ne ni a Garoua, na yi shekara arba'in da wani abu ina sammakon kwata kafin gwiwa ta ce ya isa haka. Karatuna na lekol, wato boko, a CM2 ya tsaya, ajin ƙarshe na firamare, shi ma da haƙurin malamai, don haka in kun ga rubutu ya karkace ku yi mini uzuri, da yatsa ɗaya nake yi, kuma yatsan ya fi sabawa da wuƙa. 'Yar sana'arku ita ce autata, wadda nake kira Injiniya don tsokana. Ta yi karatu a Ngaoundéré, yanzu tana aiki a Douala, a wayarta na taɓa ganin sunan zauren nan.

Bara ta zo hutu da wani tunani. Ta ce tsofaffin unguwarmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, yara kuma Fulatanci da Faransanci sun cinye musu baki, ba su san daga ina kakanninsu suka zo ba. Sai ta gina shafi, kowane gida da sunan mai gidan a sama, a ƙarƙashinsa iyali da hotuna da muryoyin tsofaffi suna ba da tarihi. Na zauna na ce ta koya mini, tunda ni ma na yi boko. Ta yi dariya ta ce abin da mutane ke gani a waya shi ne frontend, inda ake aikin a ɓoye shi ne backend, inda ake ajiya kuma database. Na ce ashe sana'armu kuka sata, tebur ke nan da kwata da ɗakin ajiya. Ta ce wallahi Baba ka fi wasu 'yan ajinmu ganewa. Wannan yabon ne ya kashe ni, don daga ranar na ɗauki kaina rabin injiniya.

Na dage sai ta ba ni mot de passe na admin, wato kalmar sirrin mai kula da shafin. Ta ce ba a raba shi, na ce a ina ta taɓa ganin gidan da akwai ɗakin da mai gida ba shi da makullinsa. Ta ce za ta buɗe mini nawa daban wanda ba ya iya ɓarna, na ce wato makullin ɗakin kaji za ta ba ni. Muka yi kwana biyu ina fushin ƙarya, daga ƙarshe ta gaji ta rubuta mini nata na kanta a takarda, na naɗe na cusa cikin hula.

Cikin waɗanda ta ɗauki muryarsu har da uwarta, wadda yara ke kira Dada. Bafulatana ce daga wajen Rey Bouba, kuma kun san kunyarsu. Shekara arba'in da ɗaya muna tare ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai "shi wannan" ko "baban su wane". Ban san me Injiniya ta yi mata ranar ba, amma da aka sa muryar a shafi sai ga Dada tana ba da labarin zuwana rugarsu sayen shanu ina saurayi, yadda wani bijimi ya kore ni na haye bishiya na bar takalmi da rabin wando a ƙasa, ita kuma ta zo da sanda ta kore shi da kira ɗaya. Tana ba da labarin tana dariya har da tari, kuma ta kama sunana, sau uku, tiryan-tiryan.

Kafin mako ya zagayo labarin ya cika kwata. In na je gaishe da tsofaffin abokan aiki sai wani ya kunna wayarsa, wani ya yi kukan bijimi, wani ya tambaye ni ko an samo wandon. Ni da na saba ni ke tsokanar mutane, sai ga shi an mai da ni abin tsokana. Na yi wa Dada ƙorafi, ta ce ai ba ƙarya ta yi ba, ta ci gaba da tankaɗe garinta.

Bayan Injiniya ta koma Douala, wata ranar Talata da hantsi, na ciro takardar daga hula na shiga. Niyyata kawai in janye kaina daga idon mutane har surutu ya lafa, kamar yadda muke ɗauke nama daga tebur mu mayar ciki in rana ta yi zafi. Na ga sunana, na ga jan maɓalli a gefensa, an rubuta supprimer, wato goge. Na san ma'anarsa sarai, amma na ɗauka daga tebur kawai yake cirewa, ɗakin ajiya yana nan. Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce oui, har ina jin haushin na'ura na yi mini tambayar raini. Da na koma duba shafin sai na ga ba ni kaɗai na tafi ba, gidanmu gaba ɗaya ya ɓace, yara, hotuna, da muryar Dada. Ashe duk abin da aka rataya a ƙarƙashin sunana in na faɗi tare muke faɗuwa.

Sai na ce wa kaina ai yana cikin database, in yarinya ta zo hutu ta dawo da shi, in sha faɗa kaɗan a wuce wurin. Ta kira ni a waya a makon nan ya fi sau huɗu, muna hira ina tsokanarta yaushe za ta kawo mana injiniya namiji, ban ce komai ba. 'Yan kwata da suka tambaya na ce musu rezo ne, wato matsalar layin waya.

Bayan mako bakwai Dada ta kwanta da zazzaɓi, kwana uku, rana ta huɗu muka kai ta makwancinta. Allah ya jiƙanta. Ba zan tsawaita a nan ba, yatsan ba zai iya ba.

Ranar sadakar bakwai bayan la'asar, da baƙi suka ragu, Injiniya ta tara yayyenta a tsakar gida ta ɗauko kwamfuta, ta ce ku zo mu ji dariyar Dada. Ina zaune a kan tabarma ina kallonta tana nema, ta sake nema, fuskarta na canzawa. Ta ce kada kowa ya damu akwai backup, wato kwafin da ake ajiyewa a gefe. A nan na fara jin cewa backup ɗin nata na mako biyu ne kawai, kullum sabo yana ture mafi tsufa. Ta kira masu ajiye mata shafin suka ce su ma ba su riƙe abin da ya wuce haka. A wayarta ta riga ta share asalin muryar tun da ta ɗora, don wuri ya cika. Ta bi mutanen unguwa ɗaya ɗaya, ba wanda ya sauke, saurare kawai ake yi. Da na buɗe baki a cikin mako biyun nan na farko, aikin minti biyar ne.

To ga inda abin ya fi ci mini rai. Ta buɗe wani littafin da na'urar ke rubuta wanda ya yi kaza a rana kaza, ta ga an rubuta admin ne ya goge, wato sunanta, tunda da makullinta na shiga. Kuma ta tuna a makon da abin ya faru ta shiga ta share wasu sunayen gwaji da ta zuba a kan shafin kai tsaye. Sai ta haɗa biyu da biyu ta yanke wa kanta hukunci. Ta ma manta da takardar da ke cikin hulata, ko kuma ba ta taɓa kawo wa ranta ubanta zai yi haka ba. Ta rufe kwamfutar a hankali ta ce, "Ni na kashe muryar Dada da hannuna." Ina wurin, ina ji, na sunkuyar da kai kamar mai jan carbi.

Yau kwana ashirin da uku ba ta buɗe kwamfutar ba. Wurin aikinta sun ba ta zuwa ƙarshen wata ta koma, ta ce ba za ta koma ba, wanda ya kasa tsare muryar uwarsa ba shi da hurumin riƙe kayan mutane. Ita ke dafa mini abinci, ita ke shafa mini magani a gwiwa, har tana ba ni haƙuri wai ta raba ni da abin da ya rage mini na matata. Duk loma in na kai baki kamar tsakuwa.

Ku 'yan sana'a, ga nasihar rabin injiniya, kyauta. Kada ku ba kowa makullinku ko da shi ya haife ku, in ya yi fushi ya yi, fushi yana warkewa. Jan maɓallin nan ku sa shi ya riƙa kai abu gefe ya ajiye na wani lokaci, kuma in zai tafi da wasu ya faɗa wa mutum ƙarara su wa da wa za su bi shi. Ajiyarku kuma ku yi ta wuri biyu, ku bar wata ta tsufa, don akwai tsofaffi irina da sai bayan mako bakwai gaskiya ke kama su.

Tambayata biyu ce. Ta farko, a iliminku akwai wata hanya da abin da aka goge haka zai dawo, ko in cire rai? Sau uku kawai matar nan ta kira sunana a duniya, ina so in sake ji ko sau ɗaya. Ta biyu ita ce babba, in faɗa wa yarinyar nan ko in yi shiru? In na faɗa za ta koma aikinta, amma ban san da wane ido za ta sake kallona ba, kuma ita kaɗai ta rage mai zama kusa da ni. In kuma faɗar ce, ta ina ake farawa? Saura kwana tara wata ya ƙare.

Mutum ɗaya na gaya wa kafin ku, abokina Bulus, mutumin Mokolo ta cikin duwatsu, mai sayar da awaki, shekara talatin muna tsokanar juna, shi yana ce mini mai wuƙa ni ina ce masa ɗan dutse. Jiya na same shi a rumfarsa na kwashe komai na faɗa masa, na ƙara da cewa wataƙila shirun ya fi, kada a tara wa yarinya baƙin ciki biyu, kuma ni dattijo ne, da kunya in tsaya gaban 'yar cikina in ce na yi ƙarya. Ina jiran ya yi mini ba'a kamar kullum. Bai yi ba, ya gama ɗaure akuyarsa tukuna sannan ya juyo ya ce:

"Alhaji, kunyar rabin wando ce ta sa ka goge matarka. Yanzu kuma wace kunyar kake so ta goge maka 'ya?"