Ƙullin Irin Malam Buba

Litinin, 7 ga Oktoba

Saude, matar ɗana Lukuman, ita ka rubuta min, ni ban san baƙi ba. Nic ce ta riƙa aje min magana ga takarda, cikina ya cika.

Shekara biyu ke nan da 'yan bindiga sunka kore mu daga ƙauye, munka zauna Karakkai. Gona ta yi nisa. Lukuman ya kafa rumfar leda bayan gida, wai ciki za a raini iri. Yana son irin tattasan ubanai, marigayi Malam Buba, wanda nif fito da shi ƙulle cikin toka ga bakin zanena. Shi kaɗai nif fito da shi.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na ba shi rabi. Nic ce ke nan duka. Saude, kar ki faɗa mai.

Ƙwara ɗai-ɗai yake sawa cikin 'yan ramukan faranti, kamar mai dara. Mu da watsawa muke, mu rufe da ciyawa.

Asabar, 12 ga Oktoba

Rut maƙwabciyarmu ta kawo irin fure a raina mata cikin rumfar, wai na ƙawata coci. Nic ce, "Ɗiyata, ana miya da shi?" Tac ce, "Inna, ido ma yana cin abinci." Ja'ira.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Sun tsiro! Kunne bibbiyu. Na ƙirga har nib ɓace.

Laraba, 23 ga Oktoba

Yau Rut ka rubutu, ba ni iya duban Saude.

Ita da Lukuman sun tai Gusau asibiti, sunka bar min rumfar. Lukuman ya ce da hantsi in ɗage ledar gefe, iska ta shiga. Na ɗage. Wajen azahar nij ji babura, da yawa, sun taso daga hanyar Bungudu. Nis sauke leda, nid danne da duwatsu, nij ja ƙofa nid ɗaure, don kar su ga muna da abu. Nis shige ƙarƙashin gado.

Ashe 'yan ɗaurin aure ne.

Sai la'asar nit tuna. Da nib buɗe, zafi ya buge ni kamar bakin tanda. Duk sun kwanta. Ni nid dafa irin Malam da hannuna.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Lukuman bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Yac ce, "Inna, za mu sayo na kasuwa a Tsafe." Na kasuwa ba ya da ƙamshin nan.

Furen Rut kaɗan sun tashi. Masu taurin kai kamar uwarsu.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na kwance bakin zane, na zazzage mai sauran ga tafin hannu, har tokar. Yad dube ni, yad dubi Saude, yai dariya. "Ashe Inna da banki!" Nic ce, "Rufa min baki, ɗan nema."

Zanen ya yi min sakayau. In waɗannan sunka mutu, shi ke nan.

Talata, 5 ga Nuwamba

Sun fito. Ni ka ɗage leda yanzu, ni ka ban ruwa. Na kai tabarmata bakin ƙofar rumfar, don inuwa ce kawai, kar ki rubuta wani abu daban.

Babura sun wuce ɗazu, uku. Na ja carbi. Ƙofar dai ban tashi na rufe ba. Gwiwa ce ka min ciwo.