Maimaita Abin da Ta Ce

Talata, 4 ga Maris
Yau muka fara zuwa wajen mai sasanta ma'aurata, ba da son raina ba. Matata ce ta kafa sharaɗi: ko mu je, ko ta ɗauki akwatin da ta ajiye a bayan ƙofa ta koma gidan yayanta. Shekara goma sha ɗaya da aure, wai sai bare ce za ta koya mana magana.

Ɗakin kujera uku ne, da agogon bango, da kwalin tishu da aka turo kusa da ni, sai ka ce ni zan yi kukan. Na zaci za ta saurare mu ta faɗi mai gaskiya. Ina! Tambayoyi kawai: yaushe muka haɗu, ina samun barci, me nake so ya canza. Na ce a bar ni in huta. Ta rubuta.

Laraba, 5 ga Maris
Minti hamsin cif ta sallame mu jiya. Gara alƙali, shi ko ba komai yakan yanke hukunci.

Talata, 11 ga Maris
Mai-agogo, sunan da na laƙaba mata ke nan, ta kawo doka: in ɗaya ya yi magana, ɗayan ba zai ba da amsa ba sai ya maimaita abin da ya ji. Ni, malamin makaranta, mai sa yara arba'in maimaici kullum!

Matata ta yi ta magana. Na ce, "Ta ce ba na taya ta aikin gida." Mai-agogo ta dube ta: "Haka kika ce?" Ta girgiza kai. Sau uku ina faɗuwa. Gaskiya tun da ta buɗe baki amsa nake shiryawa.

Asabar, 15 ga Maris
Akwatin na nan. Har ta ɗora takalmanta a kai.

Talata, 18 ga Maris
Yau matata ta fito da abin da ke ranta ƙarara. Bara, ranar da muka binne jaririnmu, muna dawowa gida na zauna a falo da jan biro ina makin jarrabawa.

Aka ce in maimaita. Na ce, "Ai washegari ake karɓar sakamako." Mai-agogo ta ce, "Malam, wannan amsa ce." Na tashi na bar musu ɗakin.

Me suke so da ni? Da ban riƙe biron nan ba, me zan riƙe? Kowa ya ce namiji ne kai, ka daure. Na daure. Yanzu dauriyar ce laifina. Raina a ɓace yake, wallahi.

Talata, 25 ga Maris
Ban je ba. Matata ta je ita kaɗai.

Alhamis, 27 ga Maris
Da safe tana wanke-wanke na tsaya a ƙofar kicin. Ban shirya ba, bakina ne kawai. Na ce, "Kin ce ranar nan kin zauna a bakin gado kina jiran in shigo. Kina jin ƙarar takardu. Ban shigo ba."

Ta kashe famfo. Ba ta juyo ba. Ta ce, "Haka na ce, Malam."

 

Akwatin bai motsa ba, amma takalman sun koma ƙarƙashin gado. Talata ƙarfe huɗu zan koma. Ba don Mai-agogo ba. Na riga na nemi izini wajen shugaban makaranta ne, kuma ina jin kunyar janyewa.