Haƙorin Sale

Daren Laraba, Agege

Kamfaninmu ya sake turo saƙo: jirgin ruwan masu yawon shaƙatawa ba zai tashi ba sai korona ta lafa, kuma ba su san yaushe ba. Wata bakwai rabona da kicin ɗin jirgin nan.

A teburin mai shayi Sale ɗan okada, mai haya da babur, ya ce, "Oga kuku, ko jirgin naku ya nutse ne?" Aka yi dariya. Ban san lokacin da na kai masa naushi a baki ba, na ƙara, jini ya wanke masa riga. Ya tofar da haƙori, ya ce, "Ni da nake kai ka tashar jirgin ruwa ta Apapa kullum jin labari?"

Hannuna ya kumbura. Gobe zan je ɗakinsa, in ya tashi ramawa ba zan kare ba.